ƘERA SAMFURIN JIRGIN RUWA

Idan kuka tashi daga Kontagora kuka bi babbar hanyar da ta nufi arewa maso yamma, za ku isa Yawuri, a bakin Kogin Kwara, wanda a taswira ake kira Kogin Neja. Idan kuma kuka nufi kudu maso yamma, wajen Sabuwar Busa, za ku tarar da Tafkin Kainji. Wannan tafki ya samu ne bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968. Ga mutanen da ke zaune a bakin waɗannan ruwaye, jirgin ruwa shi ne mota. Da shi ake zuwa kasuwa da gona da biki, da shi kuma Sarkawa da Gungawa ke kamun kifi.

A wannan darasi za ku koyi yadda ake ƙera ƙaramin jirgin ruwa wanda ya yi kama da babba ta kowace fuska. Irin wannan abu shi ake kira samfuri. Mutane da yawa a duniya suna ƙera samfurin jirgi don sha'awa a lokacin hutunsu. Za ku ga cewa bayan nishaɗi, aikin yana koyar da lissafi da haƙuri. Yana kuma bayyana dalilin da ya sa jirgi ke tsayawa a kan ruwa, da dalilin da ya sa yake kifewa.

Samfuri da Abin Wasa

Da yawa daga cikinku kun taɓa yin motar kara ko motar langalanga. Yaro yakan fere karan dawa, ya yanka totuwa, ya soka tsinke, nan da nan mota ta fito. Wannan fasaha ce, amma motar kara abin wasa ce, domin babu wanda ya auna ta. Tayarta tana iya fin ƙofarta girma, kuma ba wanda zai ce an yi kuskure.

Samfuri yana da doka guda wadda ba a karya ta: dole a rage kowane sashe da adadi iri ɗaya. Idan an rage tsawon jirgi sau ashirin, to faɗinsa da zurfinsa da kujerunsa duk sai an rage su sau ashirin. Wannan adadi shi ake kira ma'auni, kuma ana rubuta shi kamar haka: 1:20. Ma'anarsa ita ce, santimita ɗaya a jikin samfuri tana wakiltar santimita ashirin a jikin jirgin gaskiya.

Ga misali daga ƙasarmu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin da yanzu yake cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani icce binne a ƙasa. Da masana suka tono shi a shekarar 1994, sai ga kwalekwale wanda shekarunsa suka kai kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka. Tsawonsa mita 8.4 ne, faɗinsa kuwa kimanin rabin mita. Idan kuna son samfurinsa a ma'aunin 1:20, sai ku mai da mita zuwa santimita, ku raba da ashirin. Santimita 840 za ta koma 42, santimita 50 kuma ta koma biyu da rabi. Kun ga ke nan kwalekwalen Dufuna zai zauna a kan teburin karatunku.

Manyan jiragen teku suna buƙatar ragi mai yawa. Jirgin Titanic, wanda ya nutse a shekarar 1912, tsawonsa mita 269 ne. Masu sha'awa sukan ƙera shi a ma'aunin 1:350, sai ya fito kimanin santimita 77.

Taƙaitaccen Tarihi

Wannan aiki daɗaɗɗe ne. A shekarar 1920 aka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafaden Masar da ya rayu kimanin shekaru 4,000 da suka wuce. A ciki aka tarar da ƙananan jiragen katako, kowanne da matuƙansa, wasu ma da masunta suna jan taru. Yau wasu daga cikin jiragen suna gidan tarihi a Alƙahira, wasu kuma a birnin New York na Amurka. Daga gare su masana suka ƙara fahimtar irin jiragen da suka yi zirga-zirga a Kogin Nilu a wancan zamani.

A ƙarni na 17, masu ƙera jiragen yaƙi a Ingila sun shahara da yin samfura masu kyau ƙwarai, waɗanda ke nuna kowane haƙarƙari na jirgi. Bayan haka, a farkon shekarun 1870, wani injiniya mai suna William Froude ya gina doguwar kwatarniya a Torquay, a kudancin Ingila. A cikinta yake jan ƙananan samfura yana auna yadda ruwa ke tare su, domin ya san irin ƙarfin injin da babban jirgi zai buƙata. Har yau kamfanonin ƙera jirage suna bin wannan hanya, saboda gyara kuskure a jikin samfuri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma masu yin abin don wasa da gasa. Sukan ƙera ƙananan jiragen shaƙatawa masu tafiya da ƙarfin iska, wato masu doguwar sanda da aka ɗaura wa ƙyalle. A wasu lambunan birnin Landan da na Faris akwai tafkuna da aka daɗe ana sakin irin waɗannan jirage. A zamanin yau ana sarrafa su daga bakin ruwa da na'urar rediyo. Wani rukuni da ake gasar duniya da shi, tsawon jirginsa ba ya wuce mita ɗaya, nauyinsa kuma ba ya gaza kilo huɗu.

Kayan Aiki

Ba sai kun sayo kaya daga ƙasar waje ba. Kusan duk abin da kuke buƙata yana nan a gida ko a kasuwar Kontagora:

1. Takarda da fensir da rula, don zane da awo.
2. Kwali mai kauri, ko siririn falanki daga ragowar aikin kafinta.
3. Karan dawa busasshe, ko ɓargon gwangwala, don kujeru da haƙarƙari.
4. Almakashi da ƙaramar wuƙa mai kaifi.
5. Gam irin na kafinta, da zare, da ƴar auduga.
6. Samfefa, don goge kaushi.
7. Fenti mai mai, ko kakin zuma, don hana ruwa shiga.

Wanda yake son sassaƙa jirginsa daga icce guda, sai ya nemi icce mai laushi, marar nauyi, kamar rimi. Amma ga mai koyo, jirgin kwali ko na falanki ya fi sauƙi.

Matakan Aiki

A Kogin Kwara akwai kwalekwale iri biyu. Akwai wanda masassaƙi ke rarake gungumen icce guda da gatari da gizago. Akwai kuma wanda ake harhaɗawa da falankai da ƙusa, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Na biyun za mu kwaikwaya. Mu ɗauka tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 1.6, zurfinsa kuma santimita 60. A ma'aunin 1:20, samfurinku zai kasance da tsawon santimita 50, faɗin santimita 8, da zurfin santimita 3.

Mataki na farko shi ne lura. Idan kun sami damar zuwa bakin ruwa tare da babba, ku dubi jirgi da kyau. Ku gai da masu jirgin cikin ladabi, ku nemi izini kafin ku taɓa ko ku auna. Ku lura da yadda goshin jirgi ya ɗaga, da inda ya fi faɗi, da yawan kujerunsa. Idan ba ku sami zuwa ba, hoto mai kyau zai wadatar.

Mataki na biyu shi ne zane. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane. Ku zana jirgin ta fuska uku: yadda yake daga gefe, yadda yake daga sama, da yadda yake daga gaba. Wajen zana gindinsa, ku ninke takarda biyu ta tsawonta, ku zana rabin siffar, sa'an nan ku yanke. Idan kun buɗe takardar, ɓangaren dama zai yi daidai da na hagu. Wannan daidaito yana da muhimmanci, domin jirgin da ɓangarorinsa suka bambanta zai karkata a kan ruwa.

Mataki na uku shi ne yanka. Ku ɗora takardar a kan kwali ko falanki, ku bi gefenta da fensir, ku yanke gindi ɗaya da bango biyu. Sa'an nan ku yanka haƙarƙari biyar ko shida. Haƙarƙari su ne sandunan da ke gicciye a cikin jirgi, waɗanda ke riƙe bango da gindi. Na tsakiya ya fi kowanne faɗi, sauran kuma suna raguwa zuwa gaba da baya. A kullum ku riƙa tura wuƙa nesa da jikinku, kada ku jawo ta wajen yatsunku.

Mataki na huɗu shi ne haɗawa. Ku fara manna haƙarƙari a kan gindi, ku bari su bushe. Bayan nan ku lanƙwasa bango a hankali, ku manna shi, ku ɗaure da zare har gam ya kama. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aikinsu. Ku bar shi ya kwana, kada ku kwance zaren sai washegari.

Mataki na biyar shi ne toshe kafa. Ku ɗaga jirgin ku duba shi ta wajen haske. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Ku cusa ƴar auduga da gam a wurin, kamar yadda masu manyan kwalekwale ke toshe tsakanin falankai. Idan ya bushe, ku goge da samfefa, ku shafa fenti ciki da waje. Shafi biyu ko uku ya fi ɗaya, amma sai na farko ya bushe ake yin na biyu.

Mataki na ƙarshe shi ne ƙawatawa. Ku sa kujeru, da filafili, da gorar tuƙi. Waɗannan ma sai sun bi ma'auni. Mutum mai tsawon mita 1.6 zai koma santimita 8. Idan kuka yi shi santimita 15, kun sa ƙato mai tsawon mita uku a cikin jirginku.

Me Ya Sa Jirgi Ba Ya Nutsewa?

Ku jefa ƙusa a cikin bokitin ruwa, za ta nutse. Ku ɗora kwanon sha na ƙarfe a kan ruwan, zai tsaya, alhali ya fi ƙusar nauyi. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya bayyana dalilin haka fiye da shekaru 2,200 da suka wuce. Duk abin da ya shiga ruwa yana ture wani ruwan gefe domin ya sami wuri. Ruwan kuma yana tura abin sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Kwano yana da faɗi da rami, saboda haka yana ture ruwa mai yawa. Ƙusa kuwa ruwan da take turewa kaɗan ne, bai kai nauyinta ba.

Daga nan za ku gane cewa kowane jirgi yana da iyaka. Duk kayan da aka ƙara masa, sai ya ƙara shiga ruwa domin ya ture wani ruwan. Idan bakinsa ya kusa da ruwa, ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta cika shi.

Akwai wani lissafi da ya kamata ku riƙe. An rage tsawo sau ashirin, an rage faɗi sau ashirin, an rage zurfi sau ashirin. Saboda haka nauyi yana raguwa sau 20 × 20 × 20, wato sau 8,000. Mutum mai nauyin kilo 64 zai zama giram 8 a cikin samfurinku. Buhun masara mai kilo 100 zai zama giram goma sha biyu da rabi. Ledar ruwan sha guda, wadda nauyinta ya kai kimanin rabin kilo, tana wakiltar kilo 4,000.

Gwaji Huɗu

Ku cika baho ko babban daro da ruwa, ku tanadi ƙananan duwatsu masu kusan girma ɗaya. Kada ku kai samfurinku rafi ko kududdufi ko madatsar ruwa. Akwai haɗarin faɗawa, akwai kuma cutar tsargiya a irin waɗannan ruwaye.

Gwaji na farko: ku riƙa jera duwatsu ɗaya bayan ɗaya a gindin jirgi, kuna ƙirgawa. Idan ruwa ya kai rabin bango, ku tsaya ku ja layi da fensir. Ku kaɗa ruwan da hannu kaɗan, za ku ga jirgin ya jure. Ku ci gaba da lodi har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ku sake kaɗawa kamar ɗazu, ku ga abin da zai faru. Manyan jiragen teku suna da irin wannan layi a jikinsu. An sa masa sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Ingila da ya yi ta gwagwarmaya har aka kafa dokar layin lodi a shekarar 1876.

Gwaji na biyu: ku ɗauki duwatsun da suka kai jirgin layin fensir, ku ɗora su a kan wani ɗan dandamali sama da bakin jirgi. Nauyin bai canza ba, amma da kun taɓa jirgin da yatsa zai yi tangaɗi, wataƙila ma ya kife. Nauyin da ke ƙasa yana zaunar da jirgi, wanda ke sama kuwa yana rinjayar sa. Abin da ya faru ke nan da jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa a shekarar 1628. Samansa ya yi nauyi fiye da kima. A tafiyarsa ta farko, bai ko fita daga tashar birnin Stockholm ba iska ta karkatar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin bindigoginsa, ya nutse. Sai a shekarar 1961 aka tsamo shi. Wannan ne kuma ya sa masu ƙera jiragen iska ke liƙa wani nauyi a can ƙarƙashin jirgi, domin ya rinjayi ƙarfin iskar da ke tura ƙyalle.

Gwaji na uku: ku mayar da duwatsun gindin jirgi, sa'an nan ku tura su duka gefe guda. Haka yake faruwa idan fasinjoji suka firgita suka ruga ɓangare ɗaya.

Gwaji na huɗu: ku zuba ruwa cokali uku ko huɗu a cikin jirgin, ku karkata shi kaɗan. Ruwan zai gangara ɓangaren da ya yi ƙasa, ya ƙara masa nauyi. Shi ya sa matuƙin kirki ba ya rabuwa da abin kwashe ruwa.

Abin da Samfuri Ke Koya Mana

Waɗannan gwaje-gwaje sun shafi rayuwar mutanen yankinmu. A watan Mayu na shekarar 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya nutse da mutane fiye da 150, kuma mafi yawansu ba su tsira ba. A watan Yuni na 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki. A watan Oktoba na 2024, wani jirgin ya kife kusa da Gbajibo, a Ƙaramar Hukumar Mokwa, da mutanen da ke dawowa daga Mauludi. Allah Ya jiƙan su. Dalilan da hukumomi suka sha ambatawa a irin waɗannan haɗura sun haɗa da lodi fiye da kima, da tsufan jirage, da tafiyar dare, da karo da kututturen itatuwa a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya.

Samfuri ba zai gaya muku adadin mutanen da wani jirgi zai ɗauka ba, domin igiyar ruwa da iska a kogi sun bambanta da na baho. Wannan aikin ƙwararru ne da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedikwata a Lokoja. Amma gani ya kori ji. Ɗalibin da ya ga jirginsa ya nutse saboda dutse ɗaya da ya ƙara, zai san abin dubawa ranar da ya je fito. Zai dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Zai dubi inda aka ɗora kaya. Zai nemi rigar kariya, ya zauna wuri ɗaya. Idan ya ga jirgi ya cika, zai haƙura ya jira na gaba, ya kuma ba na kusa da shi shawara cikin ladabi.

Ku fara da jirgi mai sauƙi, ku rubuta awonsa da ma'auninsa a takarda, ku ajiye tare da shi. Idan hannunku ya faɗa, ku gwada kwalekwalen Dufuna, ko irin jiragen tsere da ake gani a bikin Rigata na Yawuri da bikin kamun kifi na Argungu.

Ma'anar Kalmomi

Samfuri: ƙaramin abu da aka yi daidai da siffar babba.
Ma'auni: adadin da ke nuna sau nawa aka rage abu.
Totuwa: farin abu mai laushi da ke cikin kara.
Gizago: makamin sassaƙa mai kama da ƙaramar fartanya.
Filafili: icce mai faɗin kai da ake tuƙa kwalekwale da shi.
Fito: ƙetare kogi a cikin jirgi.
Tangaɗi: karkata dama da hagu kamar za a faɗi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin samfuri da abin wasa?
2. Jirgi mai tsawon mita 12, santimita nawa zai zama a ma'aunin 1:20?
3. Me ya sa kwanon ƙarfe ke tsayawa a kan ruwa, ƙusa kuwa take nutsewa?
4. Kawo abubuwa uku da ya kamata mutum ya duba kafin ya shiga jirgin fito.
5. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimloli: lanƙwasa, toshe, karkata, nutse.

Aiki

Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙera samfurin kwalekwale guda. Ku yi gwaje-gwajen nan huɗu a gaban malaminku, sa'an nan kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani cikin jimloli goma.